Dijangala Ta Girma A Idonmu

Da la'asar sakaliya a Tabla ta ƙasar Nijar, lokacin da motocin 'yan kasuwa ke wucewa daga Balayara zuwa Filinge, akwai rumfar da ba ta rabo da yara: rumfar mai cajin waya. Nan ake tura fina-finai a ɗan katin waya, a biya 'yan daloli, yarinya ta koma gida da birnin Kano a tafin hannunta. Da dare ya yi, an kwashe tuwo, sai ka ga kawuna biyar ko shida sun haɗu a kan waya ɗaya. Gidan da ake Zabarmanci haka, gidan Kurfayawa ma haka. Wanda kuma ya kasa kunne ga gaɗar 'yan mata a daren farin wata zai ji yadda karin waƙoƙin fim ya kutsa cikin tafin da kakanninsu suka bar musu.

Cikin fuskokin da waɗannan yara suka haddace akwai ta Maryam Booth. Iyayensu mata ma sun san ta, sai dai da wani suna suka riƙe ta: Dijangala. Uwa da 'ya, kowacce da zamanin da ta fara ganinta, amma mace ɗaya ce suke kallo, wadda ta tashi tun daga yarinta har ta zama cikakkiyar mace a gaban kyamara, mutane daga Kano har Kurfai suna kallo.

An haife ta a Kano ranar 28 ga Oktoba, 1993. Mahaifiyarta, Hajiya Zainab Booth, tana cikin dattawan matan fim ɗin Hausa, waɗanda suka saba fitowa a matsayin uwa. Ƙanenta Amude shi ma ya shiga harkar yana yaro. Ita Maryam tana da shekara takwas aka fara sa ta a fim. Wannan ya kama wajen 2001 ke nan, lokacin da sana'ar ke kan ganiyar kaset. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, Sangaya kuma ya riga ya nuna wa 'yan kasuwa cewa fim mai waƙa da rawa kuɗi ne tsababa. A 2001 ɗin ne kuma gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Tace Fina-finai. Yarinyar ta buɗe ido cikin sana'ar da kuɗi ke shigarta ta ƙofa, zargi kuma yana leƙowa ta taga.

Akwai wata kalma da ta daɗe tana rufe wa mutane ido game da irin waɗannan yara, ita ce kalmar wasa. Wasan kwaikwayo ake cewa, 'yan wasa ake kiransu, don haka idan aka ga ƙaramar yarinya a fim sai a ɗauka wasanta take yi, kamar 'yar tsana ko langa. Wanda ya taɓa tsayawa a lokeshan ya san abin ya wuce haka. Zaman jira ne tun hantsi har rana ta karkata, domin a ɗauki abin da bai fi minti biyu ba. Magana ɗaya a maimaita ta sau goma saboda babur ya wuce ko wani ya yi tari. Darakta ya ce a yi kuka, dole hawaye ya zo, ko da kuwa yarinyar yunwa take ji ko barci. Ranar da aka kira ta, allo da littafi sun jira. Babba ya yi wannan a ce ya je neman abinci. Yaro ya yi irinsa, kuma a ce wasa ya je. Daga wannan kalma ake fara tauye shi, domin ba a yi wa wasa lada, ba a kuma rubuta masa yarjejeniya.

Maryam tana da shekara goma sha uku guguwar 2007 ta taso. Wani bidiyon sirri na wata jaruma ya fita ta wayoyin hannu, Kano ta ɗauki zafi, aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar tacewa, aka dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni, wasu 'yan fim suka tattara suka koma Kaduna. A wancan lokaci, a ce da mace 'yar fim, zagi ne cikakke. Cikin wannan ƙura ne, a 2008, fim ɗin Dijangala ya fito, yarinya mai shekara goma sha huɗu zuwa sha biyar ta wayi gari sunanta na yanka ya koma baya, sunan fim ya hau gaba.

Suna irin wannan riga ce mai daɗin sawa, mai wuyar tuɓewa. Masu kallo sukan daskarar da yaron fim a shekarun da suka fara sonsa. Sun gan ta tana ƙarama, don haka suna jin 'yarsu ce, suna da ta cewa a kan gyalenta da kwalliyarta da wanda ta tsaya da shi a hoto. Da ta tasa, tambaya ɗaya ke biye da ita, wadda ke biye da kowace jaruma a masana'antar: yaushe za a yi aure? Ba a cika tambayar ta yadda ta koyi sarrafa fuska ba, ko yadda take haddace doguwar magana, ko abin da shekaru ashirin na aiki suka koya mata. Namijin da ya fara fim yana yaro, idan ya girma sai a ce ya gaji sana'a. Mace kuwa sai a riƙa ƙirga mata shekaru kamar mai bin bashi.

Sai batun waƙa, wanda 'yan matan Tabla da yawa ba su san sirrinsa ba sai sun girma. Muryar da suke ji tana fita daga bakin jaruma, sau da yawa ba tata ba ce. A sutudiyo ake rera waƙar, jaruma kuma ta bi da leɓe da rausaya, abin da 'yan masana'antar ke kira mamin. Fuska daban, murya daban, sai a haɗa su su zama tauraruwa ɗaya. Daga cikin muryoyin da suka ɗauki nauyin fina-finai masu yawa akwai ta 'yar ƙasar nan, Binta Labaran, wadda duniya ta sani da Fati Nijar, haifaffiyar Maraɗi da ta je Kano ta yi suna. Akwai Maryam A. Baba, akwai Maryam Fantimoti, akwai Zuwaira Isma'il. Yarinyar da ke kwaikwayon Dijangala a tsakar gida mata biyu take kwaikwayo a lokaci guda ba ta sani ba, ɗaya ana ganinta ana tsangwamarta, ɗayar kuma ana jinta ba a cika tuna ta ba in ana rabon yabo.

Daga Indiya aka aro wannan tsari, kuma tarihin can yana da abin da zai ba mai kallon nan mamaki. Lata Mangeshkar, wadda muryarta ta cika gidajen siliman ƙasar Hausa shekara da shekaru, tana da shekara goma sha biyu mahaifinta ya rasu a 1942, ta shiga fitowa a ƙananan matsayi a fim da yin waƙa domin ta ciyar da ƙannenta. Nargis kuwa, wadda dattawa ke tunawa da ita a Mother India na 1957, ta fara fitowa ne a 1935 tana 'yar shekara shida, a fim ɗin mahaifiyarta Jaddanbai, wadda mawaƙiya ce kuma mai shirya fim. Uwa ce ta kama hannun 'yarta ta shigar da ita, 'yar ta girma, fim ɗinta ya kai ga takarar Oscar. Wanda ya san wannan labari, idan ya dubi Zainab Booth da Maryam, zai ga kamar an sake buga shi ne da Hausa.

Shekarar 2020 ce ta tattara rayuwar Maryam wuri ɗaya, zaƙi da ɗaci. A farkonta, wani ɗan gajeren bidiyo na tsiraicinta ya bazu a wayoyi. Ta fito ta yi bayani da bakinta: an ɗauke shi ne shekaru kafin nan ba da saninta ba, kuma an daɗe ana yi mata barazana da shi ana neman kuɗi. Wanda ta zarga ya musanta, kuma rarrabe gaskiyar wannan aikin shari'a ne. Abin da ya shafi kowa shi ne abin da jama'a suka yi. Dubban mutanen da ke cewa 'yarsu ce, da yawansu su ne suka riƙa tura bidiyon daga waya zuwa waya, suna salati da baki, yatsa kuma yana danna turawa. Addinin da aka riƙa kafa hujja da shi wajen zaginta shi ne ya hana bin diddigin aibin mutane, ya kuma yi umarni da suturta Musulmi. An manta da wannan ɓangare. Wanda ya ɗauka ya yi laifi, wanda ya fara saki ya yi laifi, amma wanda ya karɓa ya ƙara gaba, a Kano yake ko a wata rumfa a Kurfai, hannunsa na ciki dumu-dumu.

Mata da yawa irin wannan ta kai su ƙasa, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Ita ba ta ɓuya ba. Kafin shekarar ta fita kuma sai ga The Milkmaid.

Desmond Ovbiagele ne ya ba da umarnin fim ɗin, an ɗauke shi a jihar Taraba, mafi yawan maganar cikinsa Hausa ce, da Fulatanci da Larabci jefi-jefi. Ya ce hoton Fulani biyu masu tallar nono da ke bayan takardar naira goma ne ya sa shi tunanin labarin: me zai faru da waɗannan mata idan masu tayar da ƙayar baya suka faɗa wa rugarsu? Anthonieta Kalunta ta fito a matsayin Aisha, Maryam kuma ta fito a matsayin 'yar'uwarta Zainab, wadda aka sace, ta zauna cikin 'yan bindigar har zuciyarta ta koma tasu. Matsayi ne mai wuya. Ba a so mai kallo ya ƙi ta gaba ɗaya, ba a kuma so ya yafe mata da sauƙi. Babu rawa a gindin bishiya, babu muryar wata da za ta ɓuya a bayanta. Ido ne da shiru da taurin fuska, kuma ta riƙe su yadda wanda ya san ta da Dijangala kawai zai yi ta murza ido.

Mutanen jihar Tillaberi ba sa buƙatar a yi musu fassarar wannan labari. A watan Janairun wannan shekara ta 2020 aka kashe sojoji 89 a Shinagodar. A watan Maris na 2021 aka tare mutanen da ke dawowa daga kasuwar Banibangu aka kashe 58. Ɗaruruwan makarantu sun rufe a jihar. Iyalai sun baro garuruwansu sun sauka gidajen dangi a kudu. Fim ɗin da ya tsaya ya dubi abin da wannan bala'i ke yi wa 'yan mata biyu 'yan ɗaki ɗaya ya yi aikin da rahoton rediyo ba ya iya yi, kuma wadda ta ɗauki rabin nauyinsa ita ce yarinyar nan da aka ce wasa take yi.

A watan Disamba na 2020, a gasar fina-finan Afirka ta AMAA, The Milkmaid ya lashe kyauta biyar, har da ta fim mafi kyau, Maryam Booth kuma ta karɓi ta jaruma mai tallafawa. Najeriya ta zaɓi fim ɗin ya wakilce ta a gasar Oscar karo na 93. Shekara guda kafin nan an fitar da Lionheart daga takarar saboda Turanci ya yi masa yawa. Wannan karon Hausa ce ta buɗe ƙofar. Bai kai zagayen ƙarshe ba, amma ya je. Tana da shekara 27 a lokacin, goma sha tara daga ciki a bakin aiki ta yi su.

To me ya riƙe ta? Baiwa tana nan, taurin zuciya ma yana nan. Amma mai wannan shafi yana ganin babban abin shi ne ta shiga da uwa a gefenta, uwar da ta san furodusa ta san darakta, ta san nawa ake biya, ta san wanda ake bar wa yarinya da wanda ba a bar masa. Wannan gata ne da ba doka ce ta ba ta ba, ba kuma ƙungiyar 'yan fim ba. Haihuwa ce ta ba ta. Hajiya Zainab ta rasu a Kano ranar 1 ga Yuli, 2021, wata shida da 'yan kwanaki bayan kyautar 'yarta. Allah Ya jiƙanta.

A ƙarshen wannan wata na Yuli, ranar 27, Yamai ita ma ta yi rashin tata uwar fim, Zalika Souley. Yaran yanzu ba su san ta ba, kuma wannan kansa abin kunya ne. An haife ta a 1947. Tana 'yar shekara goma sha tara Moustapha Alassane ya sa ta a fim ɗinsa na kaboyi a 1966, a zamanin da Nijar ke sahun gaba a siliman Afirka. Ta yi aiki da Oumarou Ganda, har da Wazzou Polygame, fim ɗin da ya fara cin babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972. Sau da yawa matsayin muguwar mace ake ba ta, ko kishiya mai mugun nufi, ko mai zaman kanta, mutanen gari kuma suka kasa raba Zalika da matan da take kwaikwayo. Ta sha zagi a titi saboda laifin da ba ita ta yi ba. Da siliman ƙasar ya durƙushe, sai ta wayi gari ba ta da komai. Fim ɗin da Rahmatou Keïta ta yi a kanta a 2004 ya nuna ta a gidan da babu ruwan famfo babu lantarki, kuma sai da ta kai ga fita ƙasar waje aikatau. Matar da aka yi wa tafi a manyan biranen duniya ke nan. Ita da ta shiga da hankalinta ma haka ta ƙare, ina ga wadda aka shigar tana shekara takwas, babu uwa a lokeshan?

Turawa ma sai da suka ƙone kafin su san wuta. Jackie Coogan, yaron da ya fito tare da Charlie Chaplin a The Kid a 1921, ya tara miliyoyin daloli kafin ya balaga. Da ya girma ya nemi dukiyarsa, sai ya tarar mahaifiyarsa da mijinta sun cinye. Ya kai su kotu a 1938, abin da ya samu bai taka kara ya karya ba. A 1939 jihar Kaliforniya ta yi dokar da ake kira da sunansa, wadda a yau ta wajabta a ware kashi 15 cikin ɗari na abin da yaron fim ya samu, a kulle a asusu da sunansa har ya kai shekara 18. A wannan shekara ta 1939 ce kuma Judy Garland ta fito a The Wizard of Oz. Tun tana 'yar shekara biyu da rabi take hawa dandamali tana waƙa, tana goma sha uku kamfanin MGM ya ɗauke ta. An riƙa ba ta ƙwayoyin hana barci domin ta jure dogon aiki, da na sa barci in an tashi, ana kuma tsangwamar ta a kan ƙiba. Ta zama babbar jaruma, babbar mawaƙiya, amma ƙwayar nan ba ta sake ta ba har ta rasu a Landan a 1969 tana da shekara 47.

Sai dai ba sai an je Kaliforniya ba kafin a san cewa gumin yaro nasa ne. Kowace uwa a Kurfai ta san wannan tun kafin a haifi Coogan. Yarinyar da ke ɗaukar tallar fura ko ƙosai ko gyaɗa, in ta dawo, uwa takan cire uwar kuɗi, ribar kuma a jefa a asusu ko a zuba a adashi. Ranar Lahadi a je kasuwar Balayara a sayo kwano ɗaya, wani watan a ƙaro tasa, a ajiye ƙarƙashin gado. Shekara biyar, shekara shida, sai ga jeren kayan ɗaki. Duk unguwa ta san na wace ce. Uwar da ta cinye kuɗin tallar 'yarta har ranar biki ta zo ɗaki wayam, ba sai an kai ta gaban alƙali ba. Kallon da mata za su yi mata ya ishe ta hukunci.

Ba ana yabon talla ba ne. Ta raba yara mata da yawa da lakwal, ta kai wasu tasha da bakin hanya inda mugaye ke jira, kuma ta zama tsani zuwa auren wuri a ƙasar da kusan uku cikin kowaɗanne 'yan mata huɗu ake aurar da su kafin shekara 18. Amma cikin al'adar akwai wata ƙa'ida mai kyau da ta cancanci a ciro ta a wanke: abin da yarinya ta samo amana ce a hannun manya, kuma jama'a na da ido a kan amanar. Abin mamaki, wannan ƙa'ida tana aiki a kan ribar ƙosai, amma da zarar an ce fim ko waƙa, sai ta ɓace. Ba a jin mai tambayar inda ladan yaron fim ya shiga.

Maganar ta ƙara zama ta gaggawa domin yanzu ba sai an je Kano ake zama tauraruwa ba. A zamanin da Maryam ta fara, sai da kyamara da furodusa da ɗan kasuwar kaset. Yau waya ɗaya ta isa. Yarinya ta rera waƙa a gidan biki da murya mai daɗi, wani ɗan'uwa ko baƙo ya ɗauka ya ɗora a TikTok ko Facebook, kafin mako ya zagayo an gan ta a Agadas da Kumasi da Jidda. Mai shafin ya samu mabiya, wataƙila har da kuɗi da kyaututtuka. Ita kuwa ta samu suna da ba ta roƙa ba, da baƙin maza masu neman lambar gidansu, da bidiyon da zai zauna nan yana jiran ta ranar da za a zo neman aurenta ko ranar da za ta nemi aiki. Faransa ta ga wannan ta yi doka a watan Oktoba na 2020: yaron da ake samun kuɗi da bidiyonsa a intanet, a ajiye masa rabonsa har ya girma, kuma yana da ikon ya ce a goge. A nan, dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta sa shekara 14 a matsayin mafi ƙarancin shekarun ɗaukar aiki, akwai dokar 2017 mai kare karatun 'ya mace, akwai ta 2019 kan laifukan intanet. Duka suna da amfani. Amma wanda ke riƙe da waya a gidan biki bai ɗauki kansa mai ɗaukar ma'aikaci ba, iyayen ma ba su ɗauke shi haka ba. Wasa ne, in ji kowa.

Akwai malamai da iyaye da za su ce maganin abin a hana gaba ɗaya, kuma ba a raina hujjarsu. Yarinya 'yar shekara takwas ba ta san abin da ta yarda da shi ba. Duniyar da za a jefa ta ciki ba ta da tausayi, labarin 2007 da na 2020 sun isa shaida. Uban da ya ce 'yarsa ba za ta yi ba, haƙƙinsa ne, kuma babu mai zarginsa. Sai dai hanin gaba ɗaya an gwada shi a Kano, abin da ya haifar shi ne sana'ar ta sauya gari ta ci gaba. Muddin ana ba da labarin iyali, dole a samu yara a ciki; ko Daɗin Kowa na tashar Arewa24, da iyaye ke zama su kalla tare da 'ya'yansu, ba zai yiwu babu su ba. In aka ce haramun ne a taɓa, masu mutunci ne za su janye 'ya'yansu, a bar 'ya'yan marasa galihu a hannun wanda ba ya jin kunyar kowa.

Ƙasar nan ma ta taɓa sanin wata hanya. A zamanin Seyni Kountché, ɗan Fandu a nan ƙasar Filinge, an farfaɗo da samariya, aka kuma fara bikin matasa na ƙasa a Damagaram a 1976. Samari da 'yan mata sun riƙa fita da sunan garinsu, su yi waƙa da rawa da wasan kwaikwayo, a ji su a Muryar Sahel. Gwamnatin soja ce, kuma ta yi amfani da abin wajen tallata kanta, wannan ba a ɓoye yake ba. Amma yarinyar da ta hau dandamali a lokacin ta hau ne da sanin mai gari da iyayenta, cikin ayarin da aka san shugabansa, aka san ranar tafiya da ranar dawowa. In wani abu ya same ta, akwai wanda za a kama.

Wannan ne ya ɓace, kuma shi ya kamata a maido, ko da ba da sunan samariya ba. Ƙungiyar 'yan fim ta MOPPAN da hukumar tacewa ta Kano, da suka iya dakatar da Rahama Sadau a 2016 ko rufe lokeshan cikin kwana ɗaya, ba za su kasa wajabta takardar yarjejeniya ga duk yaron da aka sa a fim ba, mai ɗauke da ladansa da kason da za a kulle masa a banki. Ita ƙungiyar ce ta dakatar da Rahama saboda bidiyon waƙa guda. A ga irin wannan zafin nama ranar da aka tsare yaro a lokeshan har tsakar dare, ko aka ɗauke shi ana tsakiyar jarrabawa. A Nijar, ofishin kare haƙƙin mawallafa na BNDA da ma'aikatar al'adu suna da hurumin su fara da mawaƙa yara, gidajen rediyon karkara kuma su ɗauki maganar da Hausa da Zabarmanci da Buzanci, yadda suke yi wa rigakafi da rajistar haihuwa.

Kafin hukuma ta motsa, abin yana hannun matan gida. Ranar da wani ya yi sallama a ƙofar gida a Tabla, ya ce, «Inna, yarinyar nan taki tana da murya, a ba mu ita mu ɗauka,» uwar tana da tambayoyin da ta saba yi wa duk mai son ɗora wa 'yarta talla: ina za a kai ta, wa zai raka ta, ƙarfe nawa za ta dawo, nawa ne, kuma a hannun wa za a ajiye. Sai ta ƙara guda ɗaya da tallar fura ba ta taɓa buƙata ba: in yarinyar ta girma ta ce a goge, wa zai goge? In ya amsa, a kira kawunta da malamin lakwal su zama shaidu, a rubuta. In ya fara kame-kame, ta ce masa, «Malam, Allah Ya ba da sa'a, gobe tana da makaranta.»